Mako uku bayan sauya gwiwa, ƙafa ta ƙi lanƙwasuwa: tafiya za a ƙara ko hutu?

Tambaya: Mahaifiyata mai shekara 66 an yi mata tiyatar sauya gwiwar dama mako uku da suka wuce. Tana takawa da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, amma gwiwar a kumbure take, da ɗumi, an auna an ce lanƙwasuwarta digiri 75 ce, kuma in ta kwanta ƙafar ba ta miƙewa sosai. Muna sa mata filo a ƙarƙashin gwiwar don ta samu barci. Wasu na cewa ta yi ta tafiya, wasu na cewa ta huta. Wanne ne daidai, kuma yaushe za ta koma tafiya kamar da?

Amsa: Sannu ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Mama sauƙi. Kafin komai, a janye filon nan daga ƙarƙashin gwiwa tun yau. Masu cewa ta yi ta tafiya da masu cewa ta huta kowa ya kama wani gefe, amma abin da zai yanke yadda ƙafar za ta kasance nan da shekara guda abu uku ne: miƙewar gwiwa, farkawar tsokar gaban cinya, da lanƙwasuwa. Kumburi kuwa shi ne ke riƙe da linzamin dukansu. Mutum na iya zagaya gida sau ashirin a rana amma ukun nan su tsaya cak.

Yana da kyau ku san abin da aka yi a ciki. An yanke saman ƙarshen ƙashin cinya da saman ƙashin ƙwauri, an rufe su da ƙarfe, an sa wata roba mai tauri a tsakani domin su riƙa sulɓi a kanta, wani lokaci har da ɗan faifan roba a bayan ƙoƙon gwiwa. Galibi da simintin ƙashi ake kafa su, kuma yana kamawa tun ana kan gadon tiyata. Shi ya sa ake tayar da majinyaci ya taka a ranar ko washegari. Ke nan taka ƙafa da lanƙwasa ta ba za su ɓalle ƙarfen ba, sai in likitan da ya yi aikin ya ba da wani umarni na daban saboda wani abu da ya gani. Abin da ke jinya yanzu shi ne naman da aka ratsa kafin a kai ga ƙashi: fata, jakar da ta lulluɓe gaɓar, da jijiyar tsokar cinya. Suna warkewa ne ta hanyar yin tabo, kuma tabon ciki a makonnin farko yana da laushi, yana bin yadda aka ja shi. Daga mako na shida zuwa na goma sha biyu yake ƙara tauri, ya kafe a yadda ya samu gwiwar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A mako na uku Mama na cikin lokacin da aiki ke ci.

Mu fara da miƙewa, domin ita ake yawan sakaci da ita, kuma ita ta fi wuyar dawowa in ta kuɓuce. Gwiwa mai kumburi ta fi samun sauƙi in an ɗan lanƙwasa ta, domin a haka jakar gaɓar ke da sarari mafi yawa. Filo a ƙarƙashi yana ba ta wannan sauƙin, sai naman bayan gwiwa ya gajarce a haka dare bayan dare. Wanda gwiwarsa ta rage digiri 10 ta miƙe, duk takun da zai yi tsokar cinya ce ke ɗauke da shi ba hutawa, domin gaɓar ba ta kullewa ta tallafe shi. Ƙafar kan zama kamar ta gajarce, ɗingishi ya zauna, daga baya ƙugu da baya su fara ƙorafi.

Gwajin mai sauƙi ne. Ta kwanta rigingine a kan shimfiɗa mai ɗan tauri, ta danna bayan gwiwa ƙasa, kai kuma ka gwada zura tafin hannunka a ƙarƙashi. In ya shige ba tare da matsi ba, da sauran aiki. Maganinsa: a naɗe tawul a sa ƙarƙashin dunduniya, gwiwar ta kasance a sarari ba abin da ya tokare ta, yatsun ƙafa na kallon sama, kada a bar ƙafar ta kife gefe. Ta saki jiki, nauyin ƙafar ya yi aikinsa, minti 5 zuwa 10, sau uku ko huɗu a rana. Za ta ji ja a bayan gwiwa, kuma bayan minti biyu zai fara damunta. In ba ta iya minti biyar ba, ta fara da biyu, a riƙa ƙarawa. In ana son ɗaga ƙafar saboda kumburi, a jera filo a tsawon ƙafar daga sharaɓa zuwa dunduniya yadda gwiwar za ta zauna a miƙe. In a gefe take kwanciya, filo tsakanin gwiwoyi biyu ba laifi.

Sai tsokar gaban cinya, wadda ke miƙe gwiwa kuma ke hana ta lauyewa in an taka. A watan farko bayan wannan tiyata ƙarfinta kan faɗi da fiye da rabi, kuma yawancin asarar ba daga ramar nama ba ce. Gaɓar da ta kumbura tana aika saƙo ta jijiyoyi zuwa lakar baya a rage wa tsokar umarni, sai mutum ya yi niyyar matse cinya amma rabin tsokar ta ƙi amsawa. Ruwa kaɗan a cikin gaɓa, kimanin mililita 20 zuwa 30, ya isa ya fara wannan. To ka ga alaƙar: yawan tafiya na kawo kumburi, kumburi na kashe tsoka, tsokar da ba ta aiki na sa tafiyar ta ƙara wahalar da gwiwa. Masu cewa ta yi ta tafiya nan suka kauce.

Ana farkar da tsokar ne da abu mai kama da wasa. Tana kwance ko zaune da ƙafa a miƙe, ta matse cinya har ƙoƙon gwiwa ya ɗan ja sama, ta riƙe daƙiƙa 5 zuwa 10, ta saki. Sau goma, kusan kowace awa in tana farke. Ka ɗora yatsa a saman ƙoƙon ka ji ko yana motsi, domin da yawa ɗuwawu suke matsewa suna zaton cinya ce. Daga nan sai ɗaga ƙafa a miƙe: ta lanƙwasa ƙafar mai lafiya, ta matse cinyar dama tukuna, sannan ta ɗaga ƙafar kamar taƙi ɗaya, ta sauke a hankali. Ka lura da abu guda. In gwiwar ta ɗan lanƙwashe kafin dunduniya ta bar shimfiɗa, tsokar ba ta gama farkawa ba, kuma muddin haka na faruwa, ba a rabu da ƙarfen dogarawa ba. Likitan fisiyo, wato mai kula da atisayen farfaɗo da gaɓoɓi, na iya amfani da na'urar da ke motsa tsoka da lantarki a wannan matakin, kuma tana taimakawa sosai in an ƙara mata ƙarfi yadda tsokar za ta matse da gaske. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji ya faɗa kafin a sa masa.

Yanzu lanƙwasuwa. Lambobin suna da ma'ana in an haɗa su da ayyukan yau da kullum. Tafiya a fili na bukatar kimanin digiri 60 zuwa 65. Hawa matakala wajen 85. Saukowa da tashi daga kujera 90 zuwa 100. Ɗaura takalmi da juya keken motsa jiki sosai wajen 105 zuwa 110. Abin da ake fata shi ne digiri 90 a makonni biyu zuwa uku na farko, sannan 110 zuwa 120 kafin wata uku. Digiri 75 a mako na uku yana baya da abin da ake so, amma ba abin tayar da hankali ba ne in lambar na ƙaruwa mako bayan mako. Abin dubawa shi ne tafiyar lambar. In makon jiya 70 ce, wannan makon 75, ana gaba ko da a hankali. In kuma 75 ce tun mako na biyu, a sanar da likitan tiyata yanzu, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. A tuna kuma cewa yadda gwiwar ke lanƙwasuwa kafin tiyata shi ne mafi nuna inda za ta tsaya bayanta. Wadda ta shekara da shekaru ba ta wuce digiri 95 ba, ba lallai ta kai 125 ba ko da ta yi komai daidai.

Atisaye biyu sun wadatar a yanzu in an yi su da kyau. Na farko a kwance: a sa leda ko ƙyalle mai santsi ƙarƙashin dunduniya, a rataya tawul mai tsawo a tafin ƙafa, ta jawo dunduniyar zuwa ɗuwawu da taimakon hannu har inda ta ji ja mai ƙarfi, ta tsaya nan daƙiƙa 10 zuwa 20, ta koma. Na biyu ya fi ci: ta zauna a kujera mai tauri, ta ja ƙafar dama baya iya iyawarta, ta kafe tafin ƙafar a ƙasa, sannan ta matso da ɗuwawunta gaba a kan kujerar. Gwiwar za ta ƙara lanƙwasuwa ba tare da ta yi kokawa da tsokarta ba. Ta kula kada ta ɗaga ƙugun dama ko ta karkata hagu, domin jiki na da dabarun gudun ciwo da ke sa a ga kamar an samu ƙari. Sau goma kowanne, sau uku zuwa huɗu a rana. A liƙa ɗan tef a ƙasa inda yatsun ƙafar suka tsaya, a riƙa kwatantawa duk kwana uku. In akwai keken motsa jiki na tsaye, a ɗaga sirdin sama, ta riƙa kai feda gaba da baya rabi-rabi. Zagayen farko yakan zo ne ta baya.

Kada wani ya kama ƙafar ya danne da ƙarfi tana ihu. Tsokar na ƙanƙamewa ta kare kanta, gaɓar ta ƙara kumbura, washegari a wayi gari an koma baya. Ma'aunin da ya fi amfani shi ne wannan: ciwon da bai wuce 4 ko 5 cikin 10 ba lokacin atisaye (in an ɗauki 10 a matsayin ciwo mafi tsanani), wanda ya lafa cikin awa ɗaya ko biyu, karɓaɓɓe ne. In kuwa da safe gwiwar ta fi jiya kumburi da tauri, an wuce gona da iri, a rage yawan tsayuwa da tafiya na kwana ɗaya ko biyu, amma kada a daina miƙewa da lanƙwasawa. Tef ɗin awo na tela na da amfani a nan: a auna kewayen gwiwa ta tsakiyar ƙoƙo kowace safiya a rubuta.

Kumburin kansa ana rage shi da ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle, minti 15 zuwa 20, bayan kowane atisaye, ba a ɗora ta kai tsaye a fata ba, tun da wani sashen fatar ba ya jin taɓi yanzu kuma zai iya ƙonewa da sanyi ba ta sani ba. Ɗaga ƙafa na nufin ta kwanta, ƙafar ta fi ƙirji tsayi, minti 20 zuwa 30 sau biyu ko uku a rana. Zama a kujera da ƙafa kan ƙaramin teburi ba ya zuƙe ruwa. Kada ta wuce minti 30 zuwa 45 a zaune da ƙafa a rataye. Ta riƙa motsa idon ƙafa sama da ƙasa a kai a kai, domin sharaɓa ita ce famfon da ke tura jini sama.

Maganin ciwo kuma a sha shi da dabara, kamar minti 30 zuwa 45 kafin atisaye. Mutane da yawa na daina sha da wuri don jarumta, sai ciwo ya hana su lanƙwasa ƙafar a daidai makonnin da ake bukata. Farasitamol a kan lokaci shi ne tushe. Irin su ibuprofen da diclofenac sai da izinin likita, musamman ga mai ciwon ƙoda, mai gyambon ciki, ko mai shan maganin tsinka jini. Masu ƙarfi irin su tramadol suna kawo jiri da taurin bayan gida, ana rage su a hankali, galibi a bar na dare a ƙarshe. Rashin barci a makonni shida na farko, wani lokaci har fiye, abu ne da kusan kowa ke fama da shi bayan wannan aiki.

Tafiya a wannan matakin gajera ce mai yawan maimaituwa: minti 5 zuwa 10 duk bayan awa ɗaya ko biyu, ana ƙara kaɗan duk 'yan kwanaki. Kyawun takun ya fi nisansa muhimmanci. Dunduniya ta fara sauka, gwiwa a miƙe lokacin da nauyi ya hau kanta, sannan ta lanƙwashe lokacin ɗaga ƙafa maimakon a jefa ƙafar ta gefe. Yawanci ana komawa sanda tsakanin mako na biyu da na huɗu, a ajiye ta tsakanin na huɗu da na shida, amma kalanda ba ta yanke wannan ba, ƙarfin cinya da rashin ɗingishi ne ke yankewa. Tunda gwiwar dama ce, sandar a hannun hagu za ta kasance, tana tafiya tare da ƙafar dama, kuma tsayinta ya kai wuyan hannu in an saki hannun. A matakala, ƙafa mai lafiya ce ke fara hawa, mai ciwo ce ke fara sauka. A kwashe ƙananan shimfiɗu da wayoyi daga hanya, a bar fitila a hanyar banɗaki da dare, a sama mata kujera mai tsayi da hannuwa. Faɗuwa a kan sabuwar gwiwa na iya karya ƙashin da ke kewaye da ƙarfen, kuma gyaransa babbar tiyata ce.

Akwai abubuwan da ke tsorata iyali alhali ba komai ba ne. Ɗumi a gwiwar na iya kai wata shida zuwa shekara. Kumburi mai zuwa da yamma ya sauka da safe na iya ɗaukar wata uku zuwa shida. Ƙarar ƙas-ƙas mara ciwo taɓuwar ƙarfe da roba ce. Fatar gefen waje na ɗinkin ba ta jin taɓi domin akwai ƙaramar jijiyar fata da ke gittawa ta inda ake yanka, wurin kan ragu da lokaci amma ba lallai ya ɓace duka ba.

Waɗanda ba a kwana da su kuwa: ruwa ko mugunya na fita daga ɗinki a mako na uku, ja mai yaɗuwa, zazzaɓin da ya kai digiri 38, ko ciwon da ya lafa sannan ya dawo da ƙarfi. Ƙwayoyin cuta kan kama kimanin mutum ɗaya zuwa biyu cikin ɗari, kuma in an gano da wuri ana iya wanke gaɓar a sauya robar a bar ƙarfen, in an makara sai an cire komai. Kada a fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin likitan tiyata ya gani, domin yana ɓata gwajin ruwan gaɓa da za a gane ƙwayar da shi. Ciwo da taurin sharaɓa tare da sabon kumburin ƙafa na iya zama gudan jini a jijiya. Numfashi sama-sama ko ciwon ƙirji farat ɗaya na iya nufin gudan ya kai huhu, wannan na gaggawa ne nan take. Maganin hana daskarewar jini da aka ba ta, ko asfirin ne ko allura ko wani, ta kammala kwanakin da aka rubuta, galibi tsakanin mako biyu zuwa biyar. Haka kuma in ta kasa ɗaga ƙafa a miƙe bayan da tana iyawa, ko tafin ƙafar ya saki ba ya ɗaguwa, a kai ta a duba. Mai ciwon suga ta kula da awonsa, domin yana jinkirta warkewar rauni, kamar yadda taba ke yi.

In an kai mako na shida gwiwar ba ta kai digiri 90 ba duk da atisaye, likita zai iya ba da shawarar a sa ta barci a lanƙwasa gwiwar da hannu domin a tsinka tabon ciki. Ba a yanka, kuma ya fi amfani in an yi shi kafin wata uku. Yana da ɗan haɗarin zubar jini a gaɓa, da karaya ga mai raunin ƙashi, ko da yake ba kasafai ba. Bayansa ana komawa atisaye tun ranar, in ba haka ba tabon ya sake haɗewa. Wani lokaci kuma taurin ba laifin majinyaci ba ne, daga girman ƙarfen ko zamansa ne, ko wata cuta mai ɓoyewa, shi ya sa ake ɗaukar hoto da gwajin jini kafin a yanke hukunci.

Game da yaushe za ta koma daidai, yawancin mutane na tafiya a gida ba sanda wajen mako na shida, su koma yawancin harkokinsu wajen wata uku, amma ƙarfi da sauƙin gwiwa na ci gaba da ƙaruwa har shekara guda. Kuskuren da ake yi shi ne daina atisaye da zarar an ajiye sanda. Daga mako na shida ne ake fara ainihin gina tsoka: tashi daga kujera ba tare da dafa hannu ba, hawa da sauka a ɗan tudu mai tsayin santimita 10 sannan 15 sannan 20, miƙe gwiwa da nauyi a idon ƙafa, tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da abin dafawa. Nauyin ya zama wanda za ta gaji da shi bayan sau 8 zuwa 12, zagaye biyu ko uku, kwana biyu ko uku a mako, ana ƙara shi in ya yi sauƙi. Wanda ya tsaya a atisayen kan gado yakan kai shekara yana sauka matakala da ƙafa ɗaya ɗaya.

In tana tuƙi, da gwiwar dama ana jiran mako huɗu zuwa shida, sai ta daina magani mai sa maye kuma tana iya taka birki da sauri. Durƙuso ba ya lalata ƙarfen da zarar rauni ya warke sarai, wajen wata uku, sai dai da yawa ba sa jin daɗinsa, don haka a fara a kan abu mai laushi na 'yan daƙiƙoƙi. Cikakken tsugunno da zama a kan dunduniya na bukatar lanƙwasuwar da ta haura digiri 130 zuwa 140, kuma yawancin gwiwoyin da aka sauya ba sa kaiwa nan, gara a san haka tun yanzu a shirya mata wurin zama da banɗaki mai tsayi. Tafiya, keke da iyo suna da kyau, gudu da tsalle suna cinye robar da wuri. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar kan rage da wani ciwo ko rashin gamsuwa bayan shekara, don haka in ciwo mai ƙarfi ya wuce wata uku ba ya raguwa, a koma a bincika dalili. Ƙarfen kansa kuwa, fiye da tara cikin goma suna kai shekara 15 ba a sake taɓa su ba, kuma kimanin takwas cikin goma na kai shekara 25.

A ziyarar likita ta gaba ku tafi da takardar da kuka rubuta awon kumburi na safe, digirin miƙewa da na lanƙwasuwa na kowane mako kamar yadda likitan fisiyo ya auna, da jerin magungunan da take sha da lokutansu. In zuwa ƙarshen mako na huɗu lambar ba ta motsa daga 75 ba, ku nemi a matso da ranar ganin likitan tiyata.